Yadda gari zai haɗa kai ya mayar da itatuwan gonakinsa ba tare da dashe ba

Ina yaro aka taɓa kawo mana dashen itatuwa a ƙauyenmu da ke ƙasar Daura. Mota ta zo shaƙe da 'ya'yan darbejiya a cikin baƙar leda, aka kafa rumfa, aka yi jawabai, manya suka dasa nasu aka zuba musu ruwa da buta, mu yara muka dasa sauran a bakin hanya. Kafin rani ya raba babu ko ɗaya a tsaye. Awaki suka ci na ci, gara ta ci nata, ragowar ƙishirwa ta kashe su. Matar da sai ta yi doguwar tafiya kafin ta samo tulu ɗaya ba za ta juye shi a gindin itacen da ba ta san mai shi ba, kuma har yau ban ga laifinta ba.

Da na girma fatauci ya riƙa kai ni Damagaram ta hanyar Kongolam da Matamai. Duk wanda ya bi hanyar nan da rani ya san abin da nake nufi. Gonakin gero ne, amma cike suke da gawo, kore shar a lokacin da komai ya bushe, ga shanu kwance a ƙarƙashi suna tuƙa. Ruwan samansu bai fi namu ba, ƙasarsu rairayi ce irin tamu. Na tambayi wani manomi wa ya dasa musu, sai ya ce, "Malam, ba wanda ya dasa. Bari muka yi." Wannan barin shi ne mutanen Nijar ke kira sassaben zamani.

Asalin abin mai sauƙi ne. Yawancin itatuwan da iyayenmu suka sare ba su mutu ba. Kututturen yana nan, saiwarsa ta yi nisa a ƙasa, kowace shekara yana fitar da tofo, kowace bazara kuma mu bi shi da gatari mu ƙone. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura da haka bayan ya sha wahalar dashen da ba ya rayuwa. Ya fara roƙon manoma su bar wasu rassa a kan kututturen su yi musu aski, wato su rage musu ƙananan rassan gefe. Lokacin yunwar 1984 an haɗa abin da rabon abinci, mutane da yawa suka bar itatuwa don su samu hatsi, da rabon ya ƙare mafi yawansu suka sare abinsu. Waɗanda suka bar nasu su ne suka ga amfanin, daga gonakinsu abin ya bazu baki da baki. Binciken da aka yi bayan shekara 20 da wani abu, da hotunan tauraron ɗan'adam da kuma zagayen ƙafa, ya nuna an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, itatuwa kimanin miliyan 200.

Aikin wuƙar ba wuya gare shi ba, yaro ɗan shekara goma zai koya a wuni ɗaya. Inda gizo ke saƙa shi ne mutane. Reshen da ka yi wa aski yau, gobe akwai mai neman itacen girki, akwai mai akuya, akwai makiyayi da gatarinsa, akwai mai gawayi. In gari bai yarda da abin ba, wahalar banza za ka yi. Don haka yawancin abin da zan faɗa a nan kan mutanen ne.

## Fara da gonarka tukuna

Kada ka tara jama'a kan abin da kai ba ka gwada ba. Ka ware wani ɓangare na gonarka, in so samu ne wanda ke bakin hanyar kasuwa ko hanyar rijiya, ka yi masa sassaben zamani damina ɗaya kafin ka buɗe baki. Ka nemo mutum biyu ko uku da kuke shiri su yi tare da kai. Za a yi muku dariya, don a wurinmu manomin kirki shi ne wanda gonarsa take fes kamar faranti, wanda ya bar kalgo da sabara kuwa malalaci ne. Ku daure. Ranar da iskar farkon damina ta taso ta binne shukar maƙwabta da rairayi har sai sun sake shuka, taku kuma ta tsira a bayan 'yan itatuwan nan, mutane za su zo tambaya da ƙafarsu. Gani ya kori ji.

In da hali, ku haɗa kuɗin mota ku kai mutum huɗu ko biyar su ga inda abin ya kankama. Ku tafi da mai gardama a cikinsu. Manomi ya fi yarda da bakin manomi ɗan'uwansa a kan bakin ɗan boko.

## Gidajen da za ka shiga kafin a yi shela

Lokacin da ya fi dacewa da wannan shi ne bayan kaka, wajen Nuwamba zuwa Disamba, an kai amfani gida, hankali ya kwanta, matasa ba su riga sun tafi cin rani ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: in ka bari sai Afrilu, kowa ya riga ya wasa gatarinsa.

Mai gari ne farko. Ka je masa da dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa, ka yi gaisuwa yadda ta kamata, ka gabatar da maganar a matsayin shawarar da kake neman ya duba. In ya karɓa, ka bar shi ya zama shi ne mai maganar a bainar jama'a. Ba sunanka kake nema ya fito ba.

Sai liman. Akwai hadisi ingantacce da ke cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya shuka wani abu, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare shi, face ya zama masa sadaka. Huɗuba ɗaya a kan wannan ta fi yawon wayar da kai na wata guda.

Na uku shi ne arɗo, kuma nan ne garuruwa da yawa suke yin kuskuren da ke rusa komai. Suna gama tsara dokarsu tsakanin manoma, sannan su aika wa ruga da saƙo. Makiyayin da aka kafa wa doka ba da shi ba, gani zai yi an shirya masa tarko ne don a ci shi tara. Ka taka ka je rugar da kanka tun kafin taro. Ka tuna gawon nan ma da dabbobinsa ya yaɗu, domin ƙwayarsa mai tauri ce, ta fi tsirowa bayan ta bi ta cikin saniya ko akuya. Shi ma yana da buƙata: 'ya'yan gawo da na kalgo su ne abincin dabba a tsakiyar rani. Kana da abin da za ka ba shi, yana da takin da zai ba ka.

Mata kuwa, kada ka ce mazajensu za su isar musu. Ka bi ta hannun wadda suke saurara, ko uwar adashi, ko ungozoma, ko malamar Islamiyya. Su da 'ya'yansu ne ke neman abin hura wuta kullum, kuma reshen da aka yi wa aski, miƙaƙƙe mai laushi, shi ne ya fi saukin karya.

Na ƙarshe malamin daji. A Nijar a da, tun zamanin Faransa, itatuwa mallakar hukuma ne, har mutum yakan biya tara don ya sare itacen da ke tsakiyar gonarsa. Abin da hakan ya haifar shi ne manomi yana ganin ɗan gawo ya tsiro sai ya tuge shi tun ma'aikacin gandun daji bai gani ba. Da aka sassauta, aka yi sabuwar dokar daji a 2004, sannan a 2020 gwamnati ta fitar da ƙa'idar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raina, sai hankalin mutane ya ƙara kwanciya. A Najeriya dokar daji ta jiha ce, kuma akwai jami'in daji a sashen gona na ƙaramar hukuma. Ku gayyace shi taron, ya faɗa da bakinsa a gaban kowa abin da doka ta yarda manomi ya yi da itacen gonarsa, da irin itatuwan da sai da izini. In zai yiwu ku samu hakan a rubuce, mai gari ya ajiye.

## Ranar taro

A sa sanƙira ya yi shela, a kuma sanar a masallaci. Kada ka buɗe taron da maganar ɗumamar yanayi ko kwararowar hamada. Ka juya wurin wanda ya fi kowa tsufa ka ce, "Baba, don Allah lissafa mana itatuwan da ke tsakanin gari da fadama lokacin da kake saurayi." Mu da muka yi haka, tsohon ya fara ƙirgawa da yatsu: ƙirya, marke, kanya, ɗanya, ɗorawa, taramniya, aduwa, tsamiya. Wani ya tuna masa da ɗinya, wani da kurna. Ya nuna wajen da kura ke kuka da dare, wurin da yanzu kana hango rumbunan ƙauyen gaba. Sai wuri ya yi tsit. Daga bayan zana wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce, "Ku maza inuwa kuke tunawa. Mu da kara da kashin shanu muke tuƙa muku tuwo." Maganarta ce ta juya taron, don kowa ya san karan nan da kashin shanun nan su ne ya kamata su koma gona su zama taki.

Za a kawo ƙorafi, kuma kowanne yana da tushe, kada ka raina shi. Za a ce inuwa tana hana gero yi. Gaskiya ne ga itace mai duhun ganye da aka bari ba gyara. Amma gawo da damina yake zubar da ganyensa, da rani ya tofo, shi ya sa geron gindinsa ya fi na ko'ina kyau, kalgo da sabara kuwa ana rage musu rassa kafin shuka. Za a ce itace yana tara tsuntsaye. Yana tarawa, amma jan baki ba ya jiran itacen gonarka kafin ya sauka, kuma cikin masu sauka akwai masu cin tsutsa da fara. Za a ce garmar shanu ba za ta wuce ba. Wannan a wajen zaɓen kututture ake magance shi, zan zo kansa.

Abu uku ne dole a tashi da su a taron nan. In ba a gama ba a sake zama, ko sau nawa ne.

Na farko, itace na wa ne? Amsar da ta yi aiki ita ce na wanda ya raine shi a gonarsa. Shi zai yanki reshe, shi zai sayar, ba mai taɓawa sai da izininsa. A nan sai an tsaya a kan gonar aro da ta haya da ta jingina. Mai gona yakan ji tsoron wanda ya ara wa ya raini itace, gobe ya ce ai ƙasar tasa ce. Wanda ya ara kuma yakan ce don me zai raini abin da za a karɓe. A raba gardamar a gaban shaidu: gindin itace na mai ƙasa ne, rassan aski da 'ya'ya da ganye na mai nomawa ne muddin yana noman. Haka ma gayaunar mata da ta samari a cikin gandu, a faɗa a fili cewa abin da mace ta raina a gayaunarta nata ne.

Na biyu, me aka yarda baƙo ko makiyayi ya yi? Ku yi sassauci a nan, don dokar da ta cika tsanani ba ta daɗewa. Tsintar busasshen itace da 'ya'yan da suka faɗo a bar wa kowa kamar yadda aka gada. Sassakar ganye don dabba a yi da izinin mai gona, a rage rassan gefe, kada a taɓa kan itacen. Ƙaramin da aka ɗaura wa ƙyalle, alamar ana rainonsa, ba a taɓa shi sam. Su kuma manoma su ɗauki nasu alkawarin: burtali da mashaya a bar su a buɗe, wanda ya ci burtali da noma ya ja da baya. In kuka nemi makiyayi ya kiyaye muku itace alhali kun toshe masa hanya, ba ku yi adalci ba.

Na uku, me za a yi wa wanda ya karya? Tsofaffin Damagaram suna ba da labarin cewa a zamanin Sarki Tanimu, a ƙarni na 19, wanda ya sare gawo ransa ne a bakinsa. Mu ba wannan muke nema ba. Karon farko gargaɗi a gaban mai gari. Na biyu tara daidai ƙarfin talaka, a kuma mayar wa mai gona itacensa. Mai zuwa da injin yanka ko mai ƙona gawayi don sayarwa, wannan ya wuce gari, a miƙa shi ga dagaci da malamin daji. Kuɗin tara a rubuta shi a littafi, a kashe shi a abin da ido ke gani, kamar gyaran famfo ko igiyar rijiya.

## Kwamiti

A zaɓe shi a wurin, a bainar jama'a, kada ya yi yawa. Mutum bakwai zuwa tara sun isa: manoma daga kowace shiyya ta gari, mata aƙalla biyu, wakilin ruga, saurayi mai ƙafar yawo, da mai iya rubutu ko da ajami ne. Garin Ɗan Saga da ke yankin Agye a jihar Maraɗi ya yi suna a kan wannan, don kwamitinsu na sa ido ya haɗa da mata da makiyaya, kuma mutane daga wurare da yawa sun je koyo a can.

Aikin kwamiti zagaye ne da kai rahoto da koyarwa. Ba ya duka, ba ya ɗaure mutum, ba ya kama dabba ya tsare. Ina jaddada wannan saboda halin da yankunanmu na Katsina da Zamfara da Sakkwato suke ciki, inda ƙaramar husuma tsakanin manomi da makiyayi kan zama abin da ba a san ƙarshensa ba. Ɗan kwamiti ya fita da idonsa da bakinsa kawai.

## Zaɓen kututture

Wajen Fabrairu zuwa Maris, kafin a fara sassabe, a sa rana a yi gayya a gonar mutum ɗaya don kowa ya gani ya kuma riƙa wuƙar da hannunsa. Daga nan kowa ya koma tasa.

Ka zagaye gonarka a hankali, kana duban kowane cunkus na tofo. Ka san me kake so da kowane iri. Kalgo da sabara su ne suka fi yawa, suka fi saurin tashi, su za su ba ka itacen girki da wuri, ga igiya daga ɓawon kalgo. Gawo na gyaran ƙasa ne da abincin dabba. Magarya da kurna da aduwa da kanya na 'ya'ya ne, ga ƙayar shinge. Bagaruwa majema na sayen 'ya'yanta. Ƙirya tana da jinkiri, amma ita ce turmi da ƙotar gatari. In ka yi sa'ar samun ɗan kuka ko tsamiya ko ɗorawa da ya tsiro da kansa, ka riƙe shi hannu bibbiyu. Kada ka bar iri ɗaya kawai.

Yawan da aka saba farawa da shi shi ne kamar 40 a hekta ɗaya, wato wajen taku 20 tsakanin wannan da wancan. Waɗanda suka ga daɗin abin sukan ninka haka har fiye. In da garmar shanu ko tarakta kake huɗa, ka zaɓi kututturan da suka faɗo kusan a layi ɗaya da kunya, ka bar fili a tsakani, ka ƙara yawansu a kan iyaka da ɓangaren gabas inda iskar hadari ke bugowa.

## Askin kansa

Wuƙa ko lauje ko ƙaramin gatari, duk wanda ka samu, amma ya zama mai kaifi sosai. Dakusasshen ƙarfe yana yage ɓawo, ciwon ya zama ƙofar gara da ruɓa.

A kan kowane kututture ka duba rassan da suka fi tsayi, suka fi miƙewa, suka fi lafiya, ka bar uku zuwa biyar. Sauran ka yanke su daga tushe. Mutane da yawa sukan so su bar ɗaya tak don ya yi saurin girma, ni ban ba da wannan shawarar ba a shekarar farko. In akuya ta karya ɗayan nan ko ɓarawo ya sare, ka tashi a tutar babu. In biyar ne, kowace shekara kana iya cire ɗaya ka yi amfani da shi, ka bar sabon tofo ya maye gurbinsa, mafi kyawunsu kuma ka ƙyale shi ya zama babban itace.

Waɗanda ka bari, ka share musu ƙananan rassan gefe daga ƙasa zuwa rabin tsayinsu, kada ka wuce haka. Wanda aka aske har wuya ya zama kamar bulala, iska za ta karya shi, ganyen da zai ciyar da shi ma bai isa ba. Yankan kuma daga ƙasa zuwa sama ake yi. In ka sara daga sama, reshen yana faɗuwa yana jan ɓawo ya tsage jikin itacen.

Ka ɗaura ƙyalle mai launi a jikin reshe ɗaya, alamar cewa wannan yana da mai shi. Ku yarda a kan launi ɗaya a gari duka don baƙo ma ya gane. Rassan da ka yanke kada ka cinna musu wuta. Masu ƙaya ka kewaye gindin da su saboda awaki, masu kauri a kai gida, ganyen a bar shi a ƙasa ya tare rairayi da ƙurar da iska ke kwasowa, gara ta ja shi ciki ya zama taki. Ɗan gawo da ya tsiro daga ƙwaya kuwa bai kai a yi masa aski ba, kafa masa sanda kawai za ka yi don mai noma ya gan shi.

Bayan wata biyu zuwa shida ka koma, za ka tarar sabon tofo ya fito a gindi, ka sake sharewa. Da damina abin lura ɗaya ne: ka gaya wa 'yan ƙodago da yaran gida tun kafin su sunkuya cewa mai ƙyalle da mai sanda ba ciyawa ba ne. Hannun da ya saba share komai ba ya tambaya.

## Ranin farko

Nan ne ake gane ko gari da gaske yake. An saki dabbobi a gonaki, ciyawa ta ƙare, ba kowa a daji, matasa sun tafi birni. Kwamiti ya raba zagaye, mutum biyu-biyu, safe da yamma, musamman jajibirin kasuwa da lokacin bukukuwa, sa'ad da itacen girki ke tsada. A hana cinna wuta don farautar gafiya da ɓera kusa da gonaki. Wanda zai tafi cin rani ya damƙa gonarsa a hannun wani da sunansa, a gaban kwamiti.

Kuma lallai za a kama wani. Mu wanda aka fara kamawa ɗan ƙanin mai gari ne, da ɗaurin kalgo a kan jaki, ƙyallayen ma bai cire ba. Shugaban kwamiti ya zo fada jikinsa a sanyaye, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, abin a gida ya faɗo. Ɗanka ne." Gari duka ya zuba ido. Mai gari ya yi shiru, sannan ya ce, "To ai da shi ya kamata a fara." Ya sa aka sauke itacen a ƙofar mai gonar, ya sa yaron ya ba da haƙuri a gaban mutane, aka rubuta sunansa a layin farko na littafin. Da an rufe maganar ranar nan, da kafin wata ya ƙare ba sauran ƙyalle ko ɗaya a dajin. Ku tattauna wannan da mai garinku tun kafin ta faru, ya san ranar tana zuwa.

Sai dai ku duba dalilin satar. In gidan da ba su da gona ne, ko bazawara mai marayu, tara ba za ta hana ta dawowa ba, don tukunya ba ta jira. A ba irin waɗannan damar yin askin a gonakin masu faɗi su ɗauki rassan a matsayin ladansu, ko a ware musu wani yanki na makiyaya ko bakin hanya su raina, abin da ya fito nasu ne. A kuma koya wa mata gina murhun laka mai tsimin itace, wanda ke rufe wuta ta gefe maimakon duwatsu uku a fili.

## Cin moriya da faɗaɗawa

Tun shekarar farko akwai ƙiraren aski. A ta biyu zuwa ta uku kalgo da sabara sun kai a ciri sandunan rumfa da na danni da itacen sayarwa. Ku bar mutane su yanka su sayar a fili, ba tare da jin kunya ba. Wanda ya sayi awon hatsi da kuɗin reshensa a watan Yuli, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ba sai an sake yi masa wa'azin itace ba. Sharaɗin kawai shi ne a yanki reshe a bar gindi, kuma wanda aka ware don ya zama babba ba a taɓa shi.

Kowace kaka a sake zama. Mai littafi ya karanta gonaki nawa suka shiga, ƙara nawa aka kawo, nawa aka tara, me aka yi da shi. Ɗan kwamitin da ya gaji ko aka daina yarda da shi a canja shi cikin mutunci. A gayyaci masu garin ƙauyukan da kuke iyaka da su, domin in ku kun hana su ba su hana ba, masu gatari gonakin bakin iyaka za su koma, rigima kuma ta tashi tsakanin gari da gari. In ƙauyuka uku ko huɗu suka yarda da doka ɗaya da launin ƙyalle ɗaya, sai a kai wa hakimi ya sa albarka.

Dashe kuma yana da wurinsa, amma a ƙarshe. Akwai gonar da tarakta ta tuge kututturanta ƙaf, akwai irin da ya ɓace a yankin gaba ɗaya, kamar ɗorawa ko kanya a wasu wurare. A nan ne za ku nemi 'ya'yan itace daga gandun renon ƙaramar hukuma, ko daga shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda a Najeriya ya shafi jihohi 11 na arewa. Ku karɓi daidai abin da za ku iya kula da shi. A dasa bayan ruwa ya zauna sosai, wajen Yuli, a yi wa kowanne kewayen ƙaya a ranar, a kuma rubuta a littafin kwamiti sunan wanda zai ba shi ruwa da rani kafin a cire shi daga leda.